Furar da Inna ta sha kafin tiyata

Har yau Gwaggo ba ta amsa gaisuwata yadda ya kamata. Ni kuwa ban ba ta haƙuri ba, kuma ba zan bayar ba.

Daga Fulatan muka kai Inna asibiti a Ƙaraye, za a cire mata ƙari a ciki. Ana gobe aiki likita ya zaunar da ni da yayana. Tsoro ya sa na yi ta jero masa tambaya. Idan wuta ta ɗauke fa? Ya ce akwai janareta. Idan ya ƙi tashi? Akwai sola. Idan jini ya zuba? An ɗebi na Yaya an ajiye. Ya ce haka suke yi, duk abin da zai iya lalacewa sai sun tanadar masa madadi tun kafin a taɓa wuƙa. Abu ɗaya ne ba shi da madadi: cikinta ya zama babu komai. In ta yi amai cikin allurar barci, aman zai shiga huhu.

"Wannan kam a hannunku yake," in ji shi.

Da safe na je ɗebo ruwa. Na dawo na tarar da Gwaggo, ƙanwar Baba, tana goge wa Inna baki, ga ƙwaryar fura da nono a ƙarƙashin gado.

"Gwaggo, me kika ba ta?"

"Ludayi nawa ne? A gidanmu ba a barin mutum ya fita da yunwa ko gona zai je, balle wuƙa. Ki ja bakinki ki yi shiru, 'yar boko."

Ga nas ta turo gadon tiyata. Inna ta dube ni, ta ɗan girgiza kai. Na yi magana ƙasa-ƙasa.

"Sista, ta sha fura."

Aka ɗage aikin zuwa washegari. Gwaggo ta ce na tsinka ta a gaban bare, ta tattara ƙwaryarta ta koma gida. Ni na zauna bakin gadon, ko ruwa sai na tambayi nas.

An yi aikin. Inna tana nan, ta koma dama furarta. Har yanzu in na ji ƙarar ludayi a ƙwarya sai gabana ya faɗi. Amma ko gobe aka sake, zan faɗa, da ƙarfi ma wannan karon.