Tarin Duna da kaskon jiƙo

Jama'a, na daɗe ban ce komai a nan ba. Yau akwai maganar da ta hana ni sukuni.

Shekarun da aka fara shari'a ne, ina farauta a ƙauyenmu gefen Taura da karena Duna.

Da tari ya fara, busasshe, kamar ƙashi ya maƙale masa. Sai majina. Na ce sanyi ne, zai wuce.

A makon aka buga gangar farauta. Al'adarmu, kafin a shiga daji kowane kare sai ya lashi jiƙon sauyoyi a kasko ɗaya, wai don ƙarfin zuciya. Na san Duna na tari, amma kunyar a ce na noƙe ta sa na kai shi. Ya sha, na bayansa suka sha.

Kwana huɗu, karnukan gari suka ɗauki tari. Duna ya daina ci, jiki zafi rau, in ya yi tari har kumfa. Na kasa zaune na kasa tsaye.

Baba Idi, shugaban mafarauta, ya zo ƙofar gida da gora.

"Haukan kare ne. Fito da shi kafin ya ciji 'ya'yan mutane."

"Baba, don Allah a ba ni zuwa gobe."

Da na fita neman likita, direba uku suka ƙi ɗaukata da kare. Na huɗu ya jefa mu bayan akori-kura har Dutse.

Likitan dabbobi ya auna zafinsa, ya saurari ƙirjinsa.

"Ba hauka ba ne. Murar karnuka ce ta sauka ƙirji. Tari da mazubin ruwa ke yaɗa ta. Ware shi, ka gaya wa sauran su ware nasu."

Da na dawo gari na isar wa mafarauta saƙonsa. Allura kwana biyar. Mako uku a kulle a tsohon ɗakin awaki. Ranar da ya yi wa akuya haushi, wallahi sai da na yi hawaye.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitan nan, da matata Hansatu, wadda take mitar najasa tana dafa masa romo.

Masu karnuka, in naku ya fara tari, ku raba shi da saura, ku raba mazubi, ku nemi likita kafin a ɗauko gora.

Karnukan Baba Idi uku duk sun mutu. Har ya rasu yana shi mini albarka, wai ni na kawo wa gari maganin cutar. Ban taɓa iya gaya masa cutar ma ni na kawo ba.