Fita a Bayan Ɗakin Kaka

Damina ce, ta shekarar 1999 da soja suka miƙa mulki, kuma Agege gaba ɗayanta kamar an cire mata murfi. Masu motocin haya na danfo na waƙa, maza na muhawara a bakin masallaci ba tare da waiwaye ba, ruwa kuma na zuba kamar ba zai ƙare ba. Ni ma murna nake, amma tawa daban ce, domin a shekarar ne kakata ta zo daga ƙauyensu na ƙasar Mangu ta zauna da mu, ɗaure da irin yakuwa a bakin zane.

Babana goro yake sayarwa. Idan huhu ya kwana biyu akan kwance shi a tsince goron, a sake masa ganye, tsohon ganyen kuma a zubar. Wannan faffaɗan ganye da ake naɗe goro da shi sunansa fita. Aikina ne in kwashe shi in kai bola, bayan na ɗebo ruwa na wanke kwanuka. Da Kaka ta gan ni da shi sai ta riƙe mini hannu, ta ce in juye a lungun bayan ɗakinta. Ta riga ta gwada yakuwarta a jar ƙasar tsakar gidan, ba ta tsiro ba, kuma irin da ya rage bai cika cokali ba. Tun zuwanta ba ta cin abinci sosai, ta ce miyar Ikko ba ta da tsami.

Muna tara ganyen tana ba ni labarin garinsu. Akwai wani dutse da manya suka ce ya taɓa aman wuta tun kafin a yi mutane, ga kurmi a gindinsa. Ba mai share kurmin. Ganye ya faɗo, ruwa ya jiƙa shi, fumfuna ta kama shi, gara da tana su ci, shekara ta danne shekara, har ya koma baƙar ƙasa mai laushi wadda ƙafa ke nutsewa a ciki. Ta ce ƙasar wurin asalinta toka ce, shi ya sa take kama ruɓaɓɓen ganye ta riƙe, ruwa bai cika wanke shi ba. "Ke 'yar Ikko," in ji ta, "kin ɗauka ƙasa a kanti ake saye."

Na haukace a kan tulin nan. Har 'yar gala-gala na daina zuwa. Kullum sai na cusa hannu na ji ɗumin cikinsa, in ruga in faɗa wa Kaka, ita kuma ta ce in juya shi da sanda in bar shi ya huta.

Mai gidan da muke haya wata Bayerabiya ce, Iya Risi, mace mai tsabta da tsoron duba-gari. Hausarta ba ta wuce ta ciniki da ta korar awaki ba. Wata ranar Asabar ta leƙo lungun, ta ga tuli, ta ɗaga murya tana tambayar wace ƙazanta ce wannan. Kaka ba ta jin Yarbanci ko kaɗan. Sai ta miƙe da fara'arta, ta nuna wajen da hannu, ta ce, "Fita, Iya. Fita ce, fita."

Iya Risi ta kwance ɗankwali ta ɗaure a ƙugu. A gidan da mijinta ya gina, tsohuwar da ta zo jiya take korarta? Ta ce a kwashe tulin yanzu, mu ma mu fara neman ɗaki. Innata ta fito da muciya a hannu, Baba kuma yana kasuwa. Ni aka haifa a gidan, Yarbanci a bakina yake, amma ban taɓa tsoma baki a maganar manya ba.

Na durƙusa gaban Iya Risi yadda 'ya'yanta ke yi, na ce Mama ta yi haƙuri, sunan ganyen ke nan a wurinmu. Ba ta yarda ba, ta ce wayon yara ne. Sai na zura hannuwana biyu har ƙasan tulin na ɗebo. Ni kaina ban san ya kai haka ba. Babu ganye kuma, sai baƙar ƙasa mai sanyi, tana na motsi a ciki, ga ƙamshi irin na ruwan farko. Ihu na yi, na manta ana faɗa.

Iya ta matso. Ta ɗiba da yatsu ta murza, ta kai hanci. Can ta ce haka ƙasar gonar goron babanta take a nan Agege, kafin gidaje su cinye ta. Ta sa na tambayi Kaka ko ayoyo zai yi a ciki. Kaka ta ce a gaya mata zai yi har ya gaji da yi. Dariya ta kama Iya, ta nuna tulin ta ce "fita", ta nuna ƙofar gida ta ce "fita", ta girgiza kai ta ce Hausawa ba su da kirki. Sharaɗinta ɗaya, a rufe shi da buhu saboda duba-gari, kuma rabi nata ne.

Yanzu an shafe lungun da siminti, 'ya'yana kuma ba su san hannu cikin ƙasa ba. Da na koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci, kalmar nan na fara gwadawa a gida, na ga ashe ko a takarda ba ta rabu biyu ba.

Washegarin ranar faɗan nan kuwa, rana ba ta gama fitowa ba na huda gindin tsohon bahon wanki, na cika shi da rabonmu. Kaka ta kwance bakin zanenta ta juye mini irin duka a tafin hannu, ba ta rage ko ƙwara ba. Na yi bisimilla na shuka.