Kwandon Citta Don Marubucin Sifaniyanci

Ko zan manta da komai na shekarun koyarwata a Kafanchan, ban da wata ranar iyaye a farkon shekarun casa'in. Ni ce malamar da ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo a wata sakandare, kuma firinsifal ya faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa idan wasanmu na ranar bai yi armashi ba, zai rushe ƙungiyar ya mai da ɗakinmu sito. Mutumin ba ya faɗa ya fasa, ni kuma ban iya lallashi ba.

Ina da wani littafin gajerun labarai da wani fada na cocin Katolika ɗan Kudancin Amirka ya bar mini da zai koma gida. Da Sifaniyanci aka rubuta shi kafin a juya shi Turanci, kuma fadan ya ce a can ƙasashensu ko ɗan firamare ya san labaran. Ɗaya ya tsaya mini a rai: wani ƙauye da samarinsa ke hawa jirgin ƙasa su tafi neman aiki, iyayensu mata kuma kullum suna tasha suna leƙen taragu. Na mai da shi wasan kwaikwayo da Hausarmu ta kasuwa, amma sunayen mutane da garuruwa na bar su yadda suke. Da firinsifal ya leƙo gwaji sai ya taɓe baki, wai ina ruwan manoman citta da labarin wata duniya. Na yi kunnen uwar shegu.

Ranar wasan, zauren ya cika maƙil, matan zumunta na coci gefe guda, alhazan kasuwa gefe guda, don tun bayan rikicin addini da aka yi a garin ba a cika cakuɗuwa ba. Da yarinyar da ta fito a uwa ta tari fasinja na ƙarshe tana tambayarsa ko ya ga ɗanta, sai na hango wani alhaji yana share ido yana wayancewa da gyara hula.

Ana tashi wata tsohuwa daga Fadan Kagoma, kakar wata ɗalibata, ta riƙe hannuna gam. Ta ce, "Malama, wannan mutum da ya rubuta, yaron wane gida ne? Shi ya san ni." Na yi mata bayani cewa bai taɓa taka ƙasar nan ba. Ina! Ta ce ɗan wajensu ne, kunya ce ta sa ya sauya sunaye. Alhajin nan ya sa baki, wai a'a, ɗan unguwarsu ne, ai ƙanensa ma jirgi ya hau zuwa Fatakwal bai dawo ba. Suka yi ta gardama har suka ɓige da dariya, firinsifal na tsaye yana ji. Kafin ya wuce ya ce, "Malama, ko za ki ara mini littafin?" Wallahi ji na yi kamar in yi guɗa.

Ƙungiyarmu ta tsira, makarantu suka yi ta gayyatarmu har Kujama. Tsohuwar kuwa ta aiko da kwandon citta a kai wa marubucin. Na rasa inda zan aika, muka dama kunu da cittar, ni da ɗalibai muka sha a madadinsa.

Tun ranar na daina yanke wa mutane abin da za su iya fahimta. Uwar da ta taɓa tsayawa a tasha tana jiran ɗanta ba ta neman tafinta kafin ta gane kukan wata uwar.