Takun Baba a Gonar Gero

Shekarar da takin zamani ya fi ƙarfin aljihuna, na je Tambuwal na ba da jikina aka gwada wani sabon maganin zazzaɓin cizon sauro. A kasuwa wani abokina ɗan Sanyinna ya kawo mini labarin: ana neman maza masu lafiya, kwana goma sha huɗu a ɗaki ɗaya, a ba ka ƙwaya, a riƙa ɗibar jininka, ranar sallama a biya ka. Na ga abin zai isa taki. Bazara ce, sama fes, na ce kafin ruwan shuka ya sauka a garinmu Fakku na dawo. Ni da ban san abin da zan ci jibi ba, na zauna ina yanka wa damina rana.

Na ce wa Baba aikin gini na samu a Sakkwato. A garinmu in aka ji ana ɗibar jinin mutum ana biyansa, ba mai tambayar dalili, sai dai a ce wane ya sayar da jininsa, maganar ta bi shi har jikoki. Shekara uku ke nan ciwon gwiwa ya zaunar da Baba, ya miƙa mini gonar da sungumin shuka. Matata kaɗai ta san gaskiya, ita kuma tana jego.

Ba zan yi wa masu gwajin ƙazafi ba. Sun karanta mana takardar da Hausa, sun ce duk wanda ya ga dama ya tafi, ranar da ya so. Muka sa hannu. Aka maƙala mini wata 'yar roba a jijiya, aka hana mu goro da fura da kowane irin jiƙo. Da safe a auna ka, da hantsi a ɗebi jini, a tambaye ka ko kanka na juyawa, har fitsarinka sai an duba. Tun da aka haife ni ba a taɓa damuwa da lafiyata haka ba, kuma ban taɓa jin ƙunci irin wannan ba. Mu goma sha biyu, duk manoma, muna kwance kamar ragunan layya, muna ci muna kallon fanka.

Ranar kwana na shida, bayan azahar, hadari ya haɗo daga gabas. Muka jeru a taga da robobinmu a hannu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa. Kafin la'asar matata ta kira.

"An yi ruwa Fakku, har rariya ta cika. Gobe kowa na fita shuka. Mi kaka jira?"

Ruwan shuka kwana biyu gare shi, in ya yi yawa uku, ƙasa ta sha abinta. Na je wurin malamar jinya, wata dattijuwa mai tabarau, na ce zan tafi.

"Ƙofa a buɗe take," ta ce. "Likita zai duba ka, a biya ka kwanakin da ka yi. Ba wanda zai ga laifinka."

Wallahi haushinta na ji. Da ta sa kwaɗo ta rufe ƙofar, da na samu wanda zan zaga. Kuɗin kwana shida ba zai sayi taki ba, gonarmu kuwa ta gaji, in ba taki sai kara. In na zauna kuma, taki zai zo ya tarar da gona ba shuka. Na sa takalmi na je har bakin ƙofar asibitin, ina ganin masu babur suna wucewa. Na daɗe tsaye, sannan na koma gadona na cire takalmin.

Washegari da hantsi, ana cikin ɗibar jinina, matata ta sake kira.

"Baba ya ɗauki sungumi tun da safe."

"Hana shi."

"Ni in hana Baba? Da wane baki?"

Gaskiyarta, suruka ba ta ko haɗa ido da shi. Maƙwabta kuma kowa yana kan tasa gonar. Shuka aikin mutum biyu ne, ɗaya yana sara, ɗaya yana bi yana zuba iri yana rufewa da ƙafa. Baba shi kaɗai zai sare layi, ya dawo ya bi shi da iri, kowane layi tafiya biyu a kan gwiwar nan. Malamar ta ce in saki hannuna, jinin ya ƙi fitowa. Kwana takwas ɗin da suka rage ban san yadda na yi su ba. Kunya ce ta fi damuna, ta fi allurar nesa ba kusa ba.

Ranar sallama na sayi taki, na ɗaura a babur. Ban shiga gida ba, gona na wuce. Gero ya tsiro. Mai sungumi yakan sara ne a kowane taku, saboda haka gona tana nuna ƙafar wanda ya shuka ta. Nawa takun mai faɗi ne. Wannan kuwa ramukan kusa-kusa suke, ɗaya gajere, ɗaya ya fi shi gajarta, inda Baba yake jan ƙafar hagu. Na bi layukan suna ƙara matsewa, har na zo inda suka yanke a tsakiyar layi, wajen kashi biyu cikin uku na gonar. Daga nan sai ƙasa tsirara.

Na same shi a zaure, ƙafar a miƙe, ta kumbura. Na durƙusa na ba shi hannu biyu. Ya riƙe tafina ya ɗan murza, ya dubi tabon allura a hannuna.

"Wanga gini bai taɓa maka hannu ba," ya ce. Bai jira amsa ba. "Inda nit tsaya ka sa wake. Gero ya wuce."

Wake na sa. Daminar nan duka, in ina noma, dole na rage takuna in bi nasa, ina ɗingishi a gonar da ƙafafuna lafiyayyu. Baba bai sake taka ta ba.