Fartanyar Baba Kwata

Ku matso, jikokina, ku ara mini kunnuwanku.

Kakanku Bukar, da mutanen Gashuwa ke kira Baba Kwata, masinjan duba-gari ne. Idan hadari ya haɗo kowa gida yake nufa, shi kuwa sai ya saɓi fartanya ya fita. Bin ruwan sama yake kwararo-kwararo har bakin kogi, ya ga abin da ya kwaso. Takardar doka na cikin hularsa. Bai iya karatu ba, amma ya haddace ta kamar Fatiha.

"Falmata," yakan ce da ni, "abin da aka zubar a kwata yau, gobe a randarki zai kwana."

Wata damina ya kai ƙarar Ari majemi, don ruwan jimarsa na gangarawa kogi. Ari ya rantse ruwansa tas yake. Sai kakanku ya dire ƙwarya cike da shi gaban alƙali.

"Allah ya gafarta Malam, in Ari ya yi alwala da wannan, na janye ƙara."

Ari ya leƙa, ya toshe hanci, ya ce ai da alwalarsa ya zo!

Mun je suna Nguru, ana raba goro aka neme shi aka rasa. Can aka gan shi tsugune cikin lambatun mutane da rigar sallarsa, yana yasa.

"Kai, Bukar! Garinka ne?"

"Ruwan nan ina za shi? Ba gidana ba?"

Ni ma ban tsira ba. Ran nan ya tsinci fasasshen ludayina cikin ɓawon kifi a bakin kogi. Ya gane sharar gidanmu ce ruwa ya kwaso, sai ya wuce kotu.

"Na kawo ƙara."

"Ƙarar wa?"

"Gidan Bukar masinja."

"To ai kai ne!"

"Ga ni, na amsa sammaci."

Alƙali ya yi dariya har rawaninsa ya zame, ya yanke masa yasar kwata kwana uku. Ya yi huɗu. Ni na riƙa kai masa fura, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Ari ya mayar da majemarsa bayan gari, ya tsufa can. Alƙali ya koma Jajimaji wurin 'ya'yansa. Kakanku kuwa shekarar babban fari ya tafi, fartanya a jingine, yana jiran hadarin da bai zo ba.

Har yau in sama ta yi duhu, sai in ji kamar zai ce, "Falmata, miƙo hulata."

Allah ya jiƙan Bukar, ya shayar da shi ruwa mai tsabta.