Ranar da Na Aiki Maigida Asibiti da Ciwon Marata

Wata uku ina fama da ciwon mara a unguwar Lamisula, farkon samun 'yancin kai. Maƙwabciyata Yagana ta ce ƙila ƙari ne a ƙwan mahaifa, mai hana haihuwa. Na tsorata, amma kunyar likita namiji ta fi ƙarfina, sai na aiki maigida asibiti.

Wata nas 'yar Biu ta tare shi.

"Malam, ina ke ciwo?"

Ya dafa ƙasan cibiyarsa. "Nan, hagu. Amma na iyali ne."

"To kwanta in latsa, ka kai mata sakamako."

Washegari na je da ƙafata, ita ta duba ni. Ƙarin ƙarami ne, ya baje da kansa, na haifi shida bayansa.

Ashe ciwo ba ya karɓar wakili. Ku fa, wa kuka taɓa aika?