Na Barkono da Na Bula

Tsaya-Cak ake ce masa, don abin da yake faɗa wa duk wanda ya zauna gaban kyamararsa ke nan tun gashin kansa yana baƙi. Shagonsa yana ƙasan bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai facin taya. A bango akwai labule mai zanen ruwa yana gangarowa daga dutse, kuma rabin unguwa sun tsaya gabansa suna zare ido kamar an kama su da kazar maƙwabci. Da wannan sana'a ya ci ya sha, ya raini 'yarsa guda har ta zama nas. Amma fuskar ɗan Adam ba ta taɓa burge shi ba. Shi hankalinsa yana sama.

Ba wata yake ɗauka ba, wata ai kowane mai ido ya gan shi. Abubuwa biyu yake farauta: dunƙulen taurari masu nisa da suka naɗe kamar gammo, da wani hayaƙi ja da ke kwance tsakanin taurari, wanda ido ba ya gani sai fim. Sai ya hau saman bene, ya ɗora kyamara kan ƙafa mai juyawa a hankali tana bin sama, ya buɗe mata ido ya bar ta, shi kuma ya zauna a gefe kamar mai jinya.

Rigimar duk a zaɓen fim take. Fim ɗin da yake ɗaukar amare da shi, in aka bar shi ya daɗe yana kallon duhu, gajiya yake yi, sama ta fito kore kamar ruwan kwata. Ya gwada iri-iri har ya tsaya kan biyu. Ɗaya yana da kwaɗayin ja, ko ɗan ƙyallin ja ya gifta sai ya cafke, shi ne na hayaƙi. Ɗayan ja ba ya gabansa, amma yana fito da fari da shuɗin dunƙulen taurari tas. Zafi yana kashe su, saboda haka a firiji suke kwana, a saman tumatir.

Matarsa ba ta taɓa wahalar da bakinta da sunayensu na kanti ba. Mai son ja na barkono, ɗayan na bula, ta gama. In zai hau sama sai ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, yau miya za a yi ko wanki?" In wuta ta ɗauke, ita ce ke ƙunshe su a zani ta kai firijin maƙwabta masu janareta, tana tafe tana cewa wasu matan nama suke kaiwa ajiya, ita kuwa Allah ya haɗa ta da mai kiwon taurari.

Ta rasu da rani, ciwon bai daɗe ba. Mutane suka cika falo suna kallonsa, suna jiran ya yi wani abu da fuskarsa. Bai yi ba. Ya karɓi gaisuwa, ya ce Allah ya ba da lada. Bayan an watse ya ci gaba da buɗe shago, yana ce wa mutane su tsaya cak. Abinci in an kawo ya ci, in ba a kawo ba bai lura ba. Tumatir ya ƙare a firiji, fim ya samu fili.

Wata safiya 'yar ta biyo daga wurin aiki, ko farin kayanta ba ta cire ba, da firam sabo a leda.

"Baba, hoton Mama nake so. Yarana sun fara tambayata kamanninta, ni ma jiya na rufe ido na nema, sai muryarta kawai na samu."

Ya ce to. Ya jawo kwalaye daga ƙarƙashin kanta.

Amare, ɗalibai, jarirai masu kuka, wani tsoho da rediyonsa. Ya hau sama ya sauko da na gida. Taurari, taurari, taurari. 'Yar tana ɗaga wankakken fim ɗaya bayan ɗaya tana hasko shi a bakin ƙofa, bakinta yana ƙara tsawo.

"Baba, ka ɗauki akuyar mai facin taya."

"Shi ya kawo ta."

"Mama fa?"

"Tana gida kullum," in ji shi. "Ban ga abin sauri ba."

Ka ji maza. Abin da ke nesa da shi tafiyar da ba ta ƙarewa ya bi shi da kyamara har gwiwa ta lalace, wadda ke miƙo masa ruwan wanka kuwa ya bar ta sai gobe. Ita ma dai da nata, ko ya ɗaga kyamara sai ta kare fuska da faranti ta ce bari ta yi kitso tukuna.

'Yar ta mayar da firam cikin leda. Har ta kai ƙofa ya ce, "Akwai wani da ya lalace."

A ƙasan kwali yake, an naɗe shi da roba. Shekarun baya ne, ya shirya ɗaukar wani dunƙule, ya aiki matarsa firiji ta ɗauko na bula, ta miƙo masa na barkono, shi kuma ya zura a duhu bai duba ba. Ya riga ya koya mata cewa farin haske yana ɓata aiki, in za ta hawo ta rufe tocila da jan ƙyalle. Ta kuwa bi doka, ta naɗe tocilar da jan ɗankwalinta, ta hawo ta tsaya daidai gaban kyamara tana ce masa abinci ya huce. Ya yi faɗan da sai da mai gyaran agogo ya buɗe taga. Da ya wanke fim ya ga ma ba shi ya aika a ɗauko ba, ya sake sabon faɗa. Ta ce su biyun duk kwalinsu ɗaya, kuma shi mai ido ai ga shi ya saka.

Ya shiga ɗakin wankin hoto da fim ɗin, 'yar ta zauna kan bencin masu jira. Da ya fito takardar tana ɗigar ruwa.

Taurari ne birjik. A gefen dama wani jan haske ya tokare, bai da ido, bai da hanci. Da na bula matar ta ɗauko yadda aka aike ta, da ɗan duhu-duhu kawai za a gani a wurin. Na barkono kuwa bai bar komai ba: ga kafaɗa, ga kunne, ga kai ya karkata gefe.

"Wannan ai ba hoto ba ne, Baba."

"Na ce miki ya lalace."

Ta matsa bakin ƙofa da shi. Ta daɗe. Sai ta karkatar da kanta ita ma, ta ce, "Haka take yi in za ta ce maka ta gaji da ɗumame." Ta zauna a dakali ta toshe baki da bayan hannu.

Shi yana tsaye a kanta yana duban takardar.

"Jan ya yi yawa," ya ce. "In rage?"

"Kar ka taɓa."

Firam ɗin ya yi wa hoton kaɗan. Ya ɗauko almakashi, ya auna, ya yanke ta hagu, inda dunƙulen da ya hau nema ya fito ɗan mitsitsi. Guntun ya faɗi ƙasa, bai sunkuya ba. Ta rungume firam ta tafi.

Ya hau gida, ya buɗe firiji zai sha ruwa. Kwalayen suna jere, sun yi raɓa. Ya juya su yana karanta sunayen kanti, ya tsaya a haka har sanyi ya fara kama masa ƙafa. Daga ƙasa wani ya buga ƙofar shago yana kiran mai hoto, ya rufe firijin ya sauka.